Kwana Biyu a Leadville, Garin da Aka Roƙi Jama'a Kada Su Harbi Makaɗi

Shekaranjiya na dawo Jos, har yanzu idona bai rarrabe dare da rana ba. Ƙarfe uku na dare sai in farka tangaran kamar wanda aka yayyafa wa ruwa, da azahar kuma in riƙa gyangyaɗi a ofis. Tunda barcin ya ƙi, bari in rubuta abin da ke raina game da Leadville, tsohon garin mahaƙa a Amurka, da marubucin nan Oscar Wilde, tun bai huce ba.

Taron ƙara wa juna sani na 'yan jarida ne ya kai ni Amurka, mako biyu a Denver, babban birnin jihar Kolorado. Taron irin wanda kuka sani ne: a zauna a ɗaki mai sanyi, a haska allo, a sha kofi, a yi hoto. Kilishina ne dai ban yafe ba. Na musamman na sa aka yi mini, aka naɗe cikin takarda uku, tsarabar wanda zai sauke ni bayan taro. A filin jirgin da muka fara sauka, wani ɗan guntun kare mai faffaɗan kunne ya zo ya zauna daidai gaban jakata ya ƙi motsi. Jami'in da ke riƙe da shi ya sa na buɗe, ya ɗaga kilishin da yatsu biyu kamar ya tsinci mushe, ya ce mene ne wannan. Na fara bayani, bai bari na kai aya ba ya jefa shi a kwandon shara. Dokarsu ce ba a shiga da nama, ban ja ba. Abin da ya ƙona mini rai tambayar da ya bi ni da ita yana jujjuya fasfona: wai da gaske ni ɗan jarida ne, a can wurinmu ma ana buga jaridu? Na haɗiye abin da ya zo bakina, na ce ana bugawa.

Mai masaukin nawa dattijo ne, Bahaushen Zangon Kumasi, ya fi shekara ashirin yana tuƙin haya a Aurora da ke maƙwabtaka da Denver. Wani abokin aiki ne ya haɗa mu ta waya, ban taɓa ganinsa ba. Da na ba shi labarin kilishi sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ɗana, laifina ne da ban gargaɗe ka ba. Ai karen nan ya san Hausawa, tun daga tsani yake jiranmu." Kwana huɗu na yi a gidansa. Matarsa ta yi mini tuwo da miyar ayoyo, ta yi wake da shinkafa irin tasu ta Ghana mai jan launi, kuma duk lokacin da na kai hannu aljihu a kanti sai Alhaji ya riƙe mini hannu ya ce kada in kunyata shi a gaban arna da Musulmi.

To, ga yadda na haɗu da Oscar Wilde. Ranar ƙarshe ta taro aka kai mu babban ɗakin karatu na Denver, sashen tarihin Yammacin Amurka, inda suke adana tsofaffin jaridu. Wata tsohuwar ma'aikaciya mai farin gashi ta ce kowa ya zaɓi wata da shekara a nuna masa yadda ake nema. Na ce ita ta zaɓa mini. Ta ce tunda mu 'yan jarida ne, za ta nuna mini watan da 'yan jaridar Kolorado suka sami abin wasa. Ta ɗora mini Afrilun 1882, watan da Wilde ya zo Kolorado. Abokan tafiya suka gama suka tafi sayayya, ni ina nan a kujera har aka zo rufe wurin.

Mutumin ɗan ƙasar Ayilan ne, haifaffen Dublin, ya yi karatu a Oxford, yana da shekara 27 lokacin da jirgin ruwansa ya iso New York a farkon Janairun 1882. Bai rubuta littattafan da aka san shi da su yanzu ba, ɗan kundin waƙoƙi ɗaya kawai gare shi. Abin da ya zo yaɗawa wata aƙida ce da ke tashe a Landan, wadda ke cewa kyau shi kansa abin nema ne, ba sai ya zo da wa'azi ko riba ba, kuma ya kamata ya shiga ko'ina: kujerar zama, labulen taga, kofin shayi, tufar jiki. Wanda ya ɗauki nauyin tafiyar kuwa ɗan kasuwa ne, Richard D'Oyly Carte, mai shirya wasannin dandali. Yana da wasan barkwanci mai suna Patience da ke yi wa masu wannan aƙida ba'a, yana so Amurkawa su ga samfurin mutumin da ake yi wa dariyar, don su sayi tikiti. Wato tun daga gida an turo shi ne a matsayin talla, shi ma ya sani, ya kuma karɓa. Ya shekara guda cur yana yawo, lacca wajen 140, daga gabar teku zuwa gabar teku har da Kanada.

Abin da na lura da shi a shafukan nan, mai rahoto zai cinye rabin labarinsa a kan tufafi. Dogo ne ya haura ƙafa shida, gashinsa ya sauko kafaɗa, kwat ɗinsa na karan-miski, wandonsa ya tsaya a gwiwa, ga doguwar safar siliki, ga takalmi mai ƙyalli. Daga nan a koma kan muryarsa, wai ba ta hawa ba ta sauka. Abin da ya faɗa a laccar sai can ƙasa, a gurguje. Kuma duk da ba'ar, kowace jarida sai ta tura yaronta otal ko tashar jirgin ƙasa ya yi hira da shi, ta sake bugawa gobe. 'Yan kasuwa ma suka shiga, ana tallar sigari da huluna da hotonsa da furen nan mai bin rana da ya zama tambarinsa. Har wani kamfanin ɗab'i ya kwafi hoton da Napoleon Sarony ya ɗauke shi a New York ya buga dubbai ba izini, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 1884 ta yanke cewa hoto ma yana da haƙƙin mallaka. Masu ɗaukar hotunan abokan aikinmu a Facebook su manna sunansu a kai, ga labarinku tun kafin a haifi kakanninku.

Tsohuwar ta ba ni wani labari da ake yi a Denver, wai editan Denver Tribune na lokacin, Eugene Field, ya sa gashin ƙarya da doguwar riga ya hau keken doki ya zagaya gari, jama'a na ta kallo suna zaton baƙon ne ya iso. Na yi dariya, amma na san editoci biyu a Kaduna da za su iya.

Wani zane ne ya tsayar mini da dariyar. Jaridar Washington Post ta buga shi a Janairun shekarar: Wilde riƙe da furensa, kusa da shi wata halitta mai kama da biri da suka kira mutumin dajin Borneo, ana tambayar wai nawa ne nisan wannan da wancan. Akwai kuma zane-zanen da suka mai da shi baƙar fata mai manyan leɓɓa, ko Basine, don a ganinsu nan ne ƙarshen wulaƙanci. A lokacin ɗan Ayilan ma ba cikakken mutum ba ne a idon wasunsu. Nan take jami'in filin jirgi ya faɗo mini a rai. Da na sake ganinsa da na gaya masa cewa a 1859, shekarar da aka kafa Rocky Mountain News ta Denver, a shekarar aka fara buga Iwe Irohin a Abeokuta, kuma a 1882 ɗin nan da muke magana akwai jaridu a Legas. Rocky ɗin ma ta mutu a Fabrairun 2009, saura 'yan makonni ta cika shekara 150. Sai dai in za a faɗi gaskiya, a wuri ɗaya sun yi mana fintinkau: na zauna na karanta jaridar da ta shekara 140 da ɗoriya ba tare da an ce in kawo takarda daga wurin kowa ba, yawancinsu ma suna intanet kyauta. Wanda ya taɓa neman tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun 1940 ya san irin yawon da ake yi da ƙurar da ake shaƙa.

Da na gaya wa Alhaji ina son ganin Leadville, inda Wilde ya yi laccar da aka fi tunawa da ita, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, mutane na zuwa Amurka su ga dogayen gidaje, kai ramin haƙa za ka?" Washegari bayan asuba ya ajiye aikinsa ya tada mota.

Tafiyar kilomita 160 ce ko kusa, amma duk hawa ne. Denver kanta tana kan mita 1,600, ta fi Jos da muke taƙama da ita tudu. Muka bi babban titin I-70, muka ratsa cikin dutse ta ramin Eisenhower a kan mita 3,400, muka karkata kudu ta Fremont Pass, inda mahaƙar Climax ta cinye gefen dutse guda ta bar shi tsirara. A watan Yuli muke, ga ƙanƙara fari fat a kan tsaunuka. Ledar soyayyen dankalin da muka saya a Denver ta kumbura tim kamar ƙwallo, na zaci ta lalace, Alhaji ya ce iska ce ta yi ƙaranci a waje. Leadville tana kan mita 3,094. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na Taraba, bai kai 2,500 ba. Wato mutanen garin nan suna kwana suna tashi, suna kai yara makaranta, a wurin da ya fi ƙololuwar ƙasarmu tudu. Da na fito daga mota na taka matakala goma sai na ji ƙirjina na bugawa kamar na yi tseren Sallah, kaina ya ɗauki sara. Sallar azahar ma da na ɗago daga sujada sai da na ɗan jira numfashi ya dawo.

Garin yanzu ɗan mitsitsi ne, mutanensa ba su kai dubu uku ba, babban titi ɗaya, Harrison Avenue, da tsofaffin gine-ginen jan bulo. A zamanin azurfa kuwa shi ne na biyu a jihar bayan Denver, cike da mahaƙa, 'yan caca, mashaya da bindigogi. Gidan wasan da Horace Tabor ya gina a 1879 yana nan tsaye, ana ta gyaransa. Tabor mai kanti ne da ya ba wasu mahaƙa biyu kayan abinci bashi a kan za a raba abin da suka samu da shi, suka faɗa kan azurfa, ya wayi gari attajiri. Mai zagayawa da mu, wata mata 'yar garin, ta hau da mu dandalin ta ce a nan Wilde ya tsaya daren 13 ga Afrilu, 1882. Na dubi kujerun na ce a raina, wai mutum ya sa wandon gwiwa da safar siliki ya zo ya gaya wa waɗanda suka yini cikin rami yadda ake ƙawata gida. Ko ba komai yana da ƙarfin hali.

Labaran da ta ba mu, yawancinsu daga bakin Wilde ɗin suka fito, ya riƙa ba da su a laccocinsa bayan ya koma Ingila, ita ma ta ce a rage wani abu. Wai an gargaɗe shi cewa in ya je za a harbe shi ko manajan tafiyarsa, ya ce duk abin da za su yi wa manajan ba zai razana shi ba. Wai ya karanta musu labarin Benvenuto Cellini, maƙerin zinariya da azurfa na Italiya, abin ya burge su suka ce me ya sa bai taho da shi ba. Ya ce ai ya daɗe da mutuwa. Sai aka tambaya daga cikin taro, wa ya harbe shi? Bayan lacca suka kai shi gidan rawa, ya ga an rubuta a saman fiyano ana roƙon jama'a kada su harbi mai kiɗan, iyakar ƙoƙarinsa yake yi. Daga nan suka zura shi cikin guga zuwa ƙasan mahaƙa, aka shirya masa liyafa kashi uku, na farko wuski, na biyu wuski, na uku wuski, suna jira ya faɗi bai faɗi ba. Suka ba shi abin huda dutse na azurfa ya buɗe sabuwar jijiyar azurfa, aka raɗa mata sunansa. Alhaji ya sunkuyo ya ce mini da Hausa, "Wannan ai maroƙi ne da ya iya yi wa kansa kirari."

Kuma ya gane shi sarai. Ni abin da na fahimta ke nan bayan na haɗa jaridun da labaran: babu wanda ya cuci wani. Jarida na neman abin da zai sayar da ita a garin da labarinsa kullum harbi ne da farashin azurfa, shi kuma yana neman suna, ya gane zagi da yabo duk sunanka suke bugawa. In ba su ƙirƙira masa ba, shi zai ƙirƙira wa kansa. Ko shahararriyar maganar nan da ake cewa ya gaya wa jami'in kwastan a New York, wai ba shi da abin bayyanawa sai baiwarsa, sai bayan mutuwarsa aka fara ganinta a rubuce. Ina ma ni na sami irin wannan amsar a kan kilishina, ko da bayan shekara talatin ne. Na ji kunya kaɗan kuma, don na tuna sau nawa na je ɗaukar rahoton taron marubuta ko na 'yan fim na dawo da labarin wa ya sa me, wa ya ƙi gaida wa.

Ga shi kuwa maganar Wilde ba shirme ba ce. Ya ce a duk Amurka mahaƙan Yamma ne suka fi kowa iya sa kaya, da faffaɗar hularsu da mayafinsu da dogon takalmi, don kayan sun dace da aikinsu. Ya ce a San Francisco ya ga leburori 'yan Sin na shan shayi a kofi mai laushi kamar fure, shi kuma a babban otal an kawo masa a wani kofi mai kauri kamar turmi. Da na ji wannan sai ɗakin kakata a Bukuru ya zo mini. Kakana aikin kuza ya kawo shi Filato daga ƙasar Kano, zamanin aikin tilas na Yaƙin Duniya na Biyu, bai taɓa tara abin kirki ba. Amma ɗakin matarsa jere ne tun daga ƙasa har rufi, tasoshi da kwanuka ana goge su da toka suna walƙiya, ƙwaryar furarta da zane, faifan rufinta da launi uku, matashinta da ɗinkin hannu. Ba wanda ya zo daga Oxford ya yi mata lacca. Mu ne jikokinta muka kwashe muka zuba robobi.

Da la'asar muka je mahaƙar Matchless, wadda ake cewa cikinta aka zura shi. Ba a shiga ramin yanzu, sai dai ka leƙa. A gefe akwai wata bukkar katako ɗaki ɗaya. Tabor ya saki uwargidansa Augusta ya auri wata kyakkyawa da ake kira Baby Doe a 1883, aka yi bikin da ya cika jaridu. A 1893 gwamnati ta daina sayen azurfa, farashi ya faɗi, dukiyar ta watse, ya mutu a 1899 ba shi da komai. Amaryar ta tare a bukkar nan tana gadin ramin da ba ya ba da ko sisi, har aka tsinci gawarta a daskare a Maris 1935. Alhaji ya daɗe yana kallon ɗan murhun ƙarfen da ke ciki, ya ce, "Allah ya raba mu da alhakin uwargida." Kewayen wurin duk tarin ƙasar haƙa ne ja da rawaya, sak hanyar Barikin Ladi. Sunan garin ma daga dalma, wato lead da Turanci, ya samo asali, don cikinta azurfar take, kuma tun shekarun 1980 gwamnatinsu ke aikin kwashe gubar. Na tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010.

Tsada kuwa sai wanda ya gani. Shayi, ruwan zafi da ɗan ƙunshin ganye, dala huɗu. Kafin ka farfaɗo an ɗora haraji, sannan yarinyar ta juyo maka da allo ka zaɓi tukuicin da za ka ba ta, tana tsaye tana murmushi. Na lissafa da naira na ga kuɗin shayi da burodi da ƙwai na kwana uku a Terminus. Murmushin nasu ma ban gane kansa ba: kowa zai tambaye ka ya kake, kafin ka amsa ya wuce. Wuri ɗaya na rama. A wani shagon tsofaffin kaya na ga farantin tangaran na ƙarfe, fari mai shuɗin baki, irin na jeren kakata sak, an rubuta dala 25. Alhaji ya ce nan ba a ciniki. Na ce Baba, bari dai in taya. Na juya farantin na nuna wa mai shagon inda ya ɓantare, na ajiye, na nufi ƙofa. A dala 12 ya sallama, har ya naɗe mini shi a cikin Herald Democrat, jaridar garin da har yau take fitowa, wadda iyayenta suka ga zuwan Wilde.

Daren ban yi barcin kirki ba saboda ciwon kai, ga sanyi a tsakiyar bazararsu. Da safe muka gangaro. Wilde shi ma Denver ya koma, daga nan ya yi gabas, ya biya ta St. Joseph a Missouri makonni biyu bayan an kashe ɗan fashin nan Jesse James, ya tarar ana wawason kayan gidansa ana sayarwa. Ƙarshensa bai yi kyau ba: a 1895 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu kan neman maza, jaridun da suka yi kasuwa da shi suka sake yin wata, ya mutu a Faris a 1900.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin titin Parker, sahu ɗaya da Somaliyawa da Larabawa da 'yan Habasha. Asabar Alhaji ya kai ni filin jirgi, ya cusa mini turare da dala hamsin a aljihu wai in sha ruwa a hanya. Jirgi uku, jira biyu, sai Abuja.

Jiya na ba editanmu labarin, na ce ina so in yi rubutu a kan ɗakin kakata da maganar kofin shayi. Ya saurara, ya karɓi wayata yana duba hotuna, ya tsaya a kan na Sarony ya ce, "Wannan ɗan gajeren wandon za mu sa a sama." Akwatina ɗaya kuma har yanzu bai iso ba, farantin nan na ciki.